Jar Kanwa a Kaskon Duna

Litinin, 5 ga Mayu, bayan la'asar

Kawu Kyauta ya kawo mini karensa. Na rubuta ne don in gani da idona ko zan yarda. Ni Zuwaira, shekara ashirin da huɗu ina koyar da Faransanci da tarihi a kolej, yau ga ni da kare ɗaure a kangon bayan gida, kusa da turken awaki.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Daga Gabi ya taso a amalanken Idi maƙwabcinsa. Za a cire masa yanar ido a Maradi, ido ɗaya bayan ɗaya, zai yi sati uku a gidan ɗiyarsa Hasana. Mijin Hasana ya ce kare ba zai taka masa gida ba. Nawa mijin ma haka ya ce, sai dai Malam idan ya faɗi magana sau ɗaya aka yi masa shiru, gani yake ya sauke nauyi. Sharaɗinsa biyu: kada ya ga karen a tsakar gida, kada ya kusanci buta.

Sunansa Duna. Baƙi ne, tsoho, kunne ɗaya a yage. Shekara uku ke nan shi ke kai Kawu gona ya dawo da shi. Kawu ya ɗaura masa 'yar ƙararrawa a wuya, ita yake bi.

"Shekara ukku ban gan shi ba, ɗiyata, sai dai in shafa," in ji Kawu. "In sunka buɗe mini ido, shi nika son in fara gani. Kar ki gaya ma Hasana."

Ya ce kwanan nan karen ba ya jin daɗi: shan ruwa ba iyaka, fitsari ba iyaka, yana ta ramewa. "Ke kin yi karatu. Ki kai shi wurin masu allura. Ke kina gane maganarsu."

Kawu ba ya salla, bai taɓa yi ba, yana kan abin da ya tarar iyayensa na yi. Ina budurwa nakan sake hanya in na hango shi a kasuwa. Yau da ya tsaya a ƙofar gidana da gurayensa da karensa, sai da na leƙa in ga ko maƙwabta na kallo. Shekarata arba'in da tara.

Laraba, 7 ga Mayu, ƙarfe biyu na rana

Likitar dabbobin da ta buɗe shago kusa da tasha ashe Sa'adatu ce. Sa'adatun da na koyar shekara huɗu, mai zama layi na uku, wadda ko wani aka yi wa tsawa ita ke kuka. Yanzu farar riga, safar hannu, da takardar shaida a bango mai rubutun da ba na iya karantawa. Bayan ta gama karatun likita ta ƙara shekara biyu a ƙasar Sin. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni a gaban masu raguna da ke jiran layi. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Ta sa Duna a buhu ta rataye a ma'auni: kilo goma sha shida. Ta duba dasashinsa, ta matsa cikinsa, ta ɗebi fitsarinsa ta tsoma wata 'yar takarda a ciki. Ta ce ƙoda ce ta gaji, tsufa ne. Ta yi masa allura, ta ba da ƙwayoyi, ta hana gishiri da busasshen kifi. Sannan ta ɗauko wata leda mai gari ruwan ƙasa, mai ƙamshi kamar jiƙaƙƙen sassaƙe, da wani cokali da bai kai farcen ƙaramin yatsana ba.

"Wannan kuma fa?"

"Saiwoyi ne, Madam, na Sin. An riga an dafa su an ƙafar da ruwan, shi ya sa kaɗan ake ba. Cokali ɗaya da safe, ɗaya da marece, cikin abinci. Na wata guda ne. Ba ya warkar da ƙoda, yana dai rage mata wahala, tare da ƙwayoyin."

"Da wannan cokalin?"

"Da shi, Madam. Da nauyinsa na auna. Kuma ruwa mai kyau kada ya yanke masa, ko na awa ɗaya."

Shekara biyu a Sin, ta dawo mana da cokalin 'yar tsana. Ban faɗa mata haka ba. Na ce Allah ya yi albarka.

Asabar, 10 ga Mayu, da hantsi

Kwana uku, ba abin da ya sake. Yana cin tuwon da na jiƙa masa da ƙyar, ya sha ruwa, ya yi fitsari, ya kwanta ya zuba wa ƙofar kango ido. Haƙarƙarinsa daga nesa ake gani. Haka Kawu zai buɗe ido ya tarar? Bayan shekara uku? Ya ce ga abin da mai karatu ta iya?

Na zauna da waya na karanta abin da aka rubuta kan maganin Sinawa, da Faransanci, ya fi shafi goma. Ashe su ma tukunyar ƙasa suke ɗorawa a wuta, su zuba saiwa da sassaƙe hannu-hannu, su sha kofi-kofi. Wato jiƙonmu ne ya je yawo ya dawo cikin leda. Inna, Allah ya jiƙanta, da jiƙo ta raine mu mu bakwai, ba ta taɓa auna shi da cokali ba. Kasko, ruwa, magani, sai ta jefa jar kanwa ta tada shi. A yi ta sha ana ƙara ruwa har ya salance. Biyu kawai ta rasa a cikinmu, su ma ƙyanda ce.

Yarinyar nan matsoraciya ce, tun tana aji haka take. Ta san amsa, amma rabi za ta rubuta.

Lahadi, 11 ga Mayu, bayan azahar

Na gyara maganin. Na juye ledar duka a kasko, na cika ruwa, na jefa jar kanwa dunƙule kamar ƙwan zabo, daga wadda Malam ya ajiye a zaure. Ya yi kumfa, ya yi ja, ya koma magani kamar magani. Kwanon ruwansa na ɗauke na kife, don in da ruwan daɗi ba zai kalli wannan ba. Ƙwayoyin ina ba shi yadda ta ce.

Litinin, 12 ga Mayu, bayan la'asar

Bai sha ba. Ya shinshina ya ja baya. Taurin kai irin na ubangidansa.

Talata, 13 ga Mayu, da tsakar rana

Zafin yau ko awaki sun ƙi barin inuwa. Na dawo daga kolej na tarar kaskon ya kusa rabi. Ya sha. Na ce da shi, ka gani, da wa kake gardama?

Laraba, 14 ga Mayu, ƙarfe shida na safe

Amai. Gudawa. Ya ɓata kangon duka. Ba ya iya tashi.

Laraba dai, bayan azahar

Na kira Sa'adatu ta zo a moto, babur ɗinta. Kafin ta iso na tura kaskon bayan rumbu na rufe shi da tsohon buhu, na mayar da kwanon ruwa na cika shi. Ban yi tunani ba, hannuna ne ya yi.

Ƙarya nake. Na yi tunani.

Ta ja fatar wuyansa ta saki, fatar ta tsaya ba ta koma ba.

"Ya bushe, Madam. Ruwa ya yanke masa?"

Na nuna mata kwanon.

"Garin fa, cokali nawa kike ba shi?"

"Yadda kika ce."

Ta rataye ledar ƙarin ruwa a reshen bishiyar bedi, ta durƙusa cikin ƙazantar nan da farar rigarta tana neman jijiya. Kafin a ce haka mutane sun taru a ƙofar kango, an ji ana yi wa kare ƙarin ruwa gidan Madam. Mata, masu wucewa, har da mai sayar da kifi da tirensa a kai. Na ga idanunsu, na ji abin nan ya taso mini daga ciki, wanda 'yan aji suka sani suke sunkuyar da kai.

Abin da na faɗa ba zan rubuta shi duka ba. Na ce da ƙafarsa na kai mata shi. Na ce ta je Sin ta kwaso ƙasa a leda ta zo tana gwaji da dabbobin mutane. Na ce ni na koya mata riƙe alƙalami, na san iyakar kanta. Murya ta aji na yi, wadda ke kaiwa layin ƙarshe.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ki yi haƙuri, Madam," ta ci gaba da riƙe allurar.

Alhamis, 15 ga Mayu, da marece

Suna a gidan Hajara maƙwabciyata. Ban so zuwa ba, amma rashin zuwa ma magana ne.

Ko zama ban gama ba Hajara ta ce, "Madam, an ce maganin 'yan Sin ya kusa kashe miki kare?"

"Ba karena ba ne."

"To ragonmu na layya fa? Jiya Alhaji ke cewa zai kai mata, tari yake yi."

Na ce kowa da ragonsa, ni dai na ga abin da na gani. Wata ta ce radiyon 'yan Sin ma wata uku yake yi ya mutu, bare magani. Aka yi dariya. Na fi kowa dariya. Na ci shinkafa har na ƙara.

Da na dawo na tarar Sa'adatu a kango, ta zo zuwa na biyu. Ta kawo tsumma ta goge masa baki.

Kaskon yana bayan rumbu.

Juma'a, 16 ga Mayu, bayan an sauko daga masallaci

Hasana ta kira. An yi aikin idon dama, an cire bandeji jiya, Kawu yana gani. Ta ce tun safe yake zagin launin bangon ɗakinta. Ta miƙa masa wayar.

"Ɗiyata! Na ga hannuna. Ashe haka na tsufa ba wanda ya gaya mini? Ina mutumina?"

Na ce yana nan, yana shan magani.

"Kai mini wayar kusa da shi in ji ƙararrawa."

Duna yana kwance, kansa a ƙasa, ido rabi a rufe. Na kwance ƙararrawar daga wuyansa. Na riƙe ta kusa da wayar na kaɗa, ina ɗan takawa daga bedi zuwa turke, daga turke zuwa bedi, ni malamar tarihi, ina kwaikwayon tafiyar kare.

Kawu ya saurara. Can ya ce, "Tafiyarshi ta sake. Sauri yaka yi." Na ce maganin ne ya ƙara masa ƙarfi. Ya ce madalla, ya san inda ya kai amanarsa.

Na mayar da ƙararrawar.

Asabar, 17 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Kwana huɗu Sa'adatu tana zuwa safe da marece. Yau ba ta yi sauri ba, ta zauna a kan turmi. Na tambaye ta shago fa. Ta ce ba kowa, tun jiya rago ɗaya aka kawo.

Ta ce ta bi duk waɗanda ta ba garin ta karɓe. Akwai wata tsohuwa a unguwar masunta, kyanwarta wata huɗu tana sha, ta murmure har tana hawa katanga. Tsohuwar ta roƙe ta ta bar mata, ta ƙi. Ta rubuta wa malaminta na Sin, ya ce a shekarunsa bai taɓa ganin cokali biyu a rana sun yi wa kare haka ba, sai dai in garin ya lalace a hanya ko an haɗa shi da wani abu a can inda aka yi shi.

"Madam, ki ba ni sauran ledar in aika a duba."

Na ce na zubar da ita a masai don haushi.

"Duka?"

"Duka. Ko in shiga in ɗebo miki?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce da ta san abin da ya shiga cikinsa da ta san abin da za ta yi. Yanzu lalube take.

Na kawo mata ruwan sanyi a kofin baƙi. Abin da na iya ke nan.

Lahadi, 18 ga Mayu, da hantsi

Malam ya tsaya a bakin madafa, bai shigo ba.

"Kanwar da na ajiye wa rago a zaure ta ragu."

Na ce na yi tuwo da ita.

"Jar kanwa? A tuwo?"

Na ce tun yaushe ya fara sanin abin da ake sawa a tuwo, shekara ashirin da shida ci kawai yake. Ya tsaya yana gyara hula. Ya ce, "Uban yarinyar nan sahu ɗaya muke tsayawa. Jiya bai jira mun gaisa ba." Ya fita.

Bai ce komai ba. Mutumin nan bai taɓa cewa komai ba, shi ya sa ba a iya yin faɗa da shi.

Lahadi, bayan la'asar

Ban je bayan rumbu ba.

Litinin, 19 ga Mayu, da marece

Aman ya tsaya amma wani abu ya shigo. Jikinsa na rawa, ƙafafun baya na zabura su kaɗai, numfashi sama-sama. Na kira sunansa, kunnen nan mai yagewa kawai ya motsa.

Sa'adatu ta daɗe tana saurarar ƙirjinsa. Ta ce, "Madam, abin da littafi ya ce a yi duk na yi, shi kuwa baya yake yi. Idan gobe haka yake, gara a gaya wa Kawu ya shirya zuciyarsa. Ni zan gaya masa, in kina so. Maganina ne."

Maganina ne, in ji ta.

Ina jin haushin Kawu da ya kawo shi. Ina jin haushin mijin Hasana da tsarkin gidansa. Ina jin haushin wanda ya rubuta shafi goman nan bai rubuta cewa akwai wata a Madarumfa da za ta karanta ba. Ina jin haushin Inna da kaskonta. Ina jin haushin Hajara da shinkafarta, da mai kifi, da Malam da hularsa. Ina jin haushin yarinyar nan da ta ƙi yin kuka, da ta yi kuka da na samu abin rainawa. Na zauna ina ta lissafo su don kada in zo kan wadda ta rage.

A aji yau na kori 'yan mata biyu don sun ce iska ta ɗauke musu takardar aikin gida. Na yi musu huɗubar minti goma a kan ƙarya. Huɗuba mai kyau ce.

Talata, 20 ga Mayu, bayan azahar

Na ɗauko kaskon. Ruwan ya ƙafe, ya bar baƙin laka a ƙasa da farin ɓawo zagaye da baki. Na sa shi a kwando na rufe da zane na ɗora a kai, na bi ta gaban kasuwa zuwa tasha. Ban je kolej ba. Mutum uku suka tambaye ni ko gara zan kai.

Shagon ba kowa. Tana zaune tana jera kwalabe da suke a jere. Na sauke kwandon a kan teburin da ta duba Duna, na yaye zanen.

Na shirya magana tun asuba, mai gabatarwa da dalilai. Da na buɗe baki abin da ya fito shi ne, "Jiƙo na yi."

Ta dangwali farin ɓawon ta ɗora a harshe. Ta tofar.

"Ledar duka?"

"Duka."

"Kanwa kamar yaya?"

Na nuna mata da hannu.

"Ruwa fa, Madam?"

"Na ɗauke. Daga azahar ɗin Lahadi zuwa safiyar Laraba."

Ta dafa teburin da hannu biyu. Na jira ta zage ni. Wallahi na so ta zage ni, har na tanadi inda zan sa fuskata.

Ta ce, "Cikin ruwan da nake ƙara masa ina sa wani gishiri da ake ba mai ciwon ƙoda in gudawa ta kama shi. Dangin kanwa ne. Kwana shida ina zuba masa kanwa a kan kanwa, da hannuna."

Ta juya ta shiga tattara kaya a jaka, wasu ledoji dabam da na kwanakin baya. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta kalle ni ba.

"Madam, ranar Laraba da kin ja ni gefe kin faɗa mini, ba mai ji. Ko yanzu ba mai ji daga bakina."

Ta hau moto ta tafi gidana. Ni na bi ta a ƙasa, da kwando a kai.

Laraba, 21 ga Mayu, ƙarfe bakwai na safe

Rawar jikin ta ragu. Yana nan.

Alhamis, 22 ga Mayu, bayan la'asar

Na shiga gidan Hajara lokacin da na san mata na taruwa gyaran zogale. Su shida. Na tsaya a tsaye na faɗa musu yadda aka yi, kanwa da ruwa da duka, na ce maganin yarinyar ba shi da laifi, ita ma ba ta da shi.

Hajara ta ce, "To mene ne a ciki? Ai kowa kanwa yake sawa. Maganin da ba ya jure kanwa ai ba magani ba ne."

Wata ta ce, "Allah sarki Madam, ɗalibarta ce, rufa mata asiri take." Suka shiga yaba mini. Suka ce irinmu sun yi ƙaranci. Na ɗaga murya na sake faɗa, suka ƙara yarda cewa kirki ne ya yi mini yawa.

Ranar da na yi ƙarya sau ɗaya na faɗa, gari ya ɗauka. Yau sau uku.

Ragon Alhaji Maradi aka kai shi.

Asabar, 24 ga Mayu, da safe

Ya tashi. Ƙafafun na karkarwa, amma ya taka har kwanon ruwa ya sha da kansa, ya lashi kunu rabin ludayi.

Sa'adatu ta ce zai rayu, wata nawa ne ba ta sani ba. Abin da ya rage na ƙodar a da ya isa tafiya gona, yanzu bai isa ba. Inuwa, ruwa, abinci mai laushi, shi ke nan.

Ta buɗe sabuwar leda ta garin, ta auna rabin cokali ta juya masa a kunu. Ta mayar wa tsohuwar unguwar masunta nata tun shekaranjiya. Na miƙa hannu in karɓi ledar. Ta ninke bakinta ta sa a jakarta.

"Zan riƙa zuwa, Madam. Hanyata ce."

Ba hanyarta ba ce.

Lahadi, 25 ga Mayu, bayan azahar

Hasana ta ce gobe Kawu zai zo. Idanu biyu duka sun yi kyau.

Na share ɗakin zaure na shimfiɗa sabuwar tabarma. Na gaya wa Malam Kawu zai zauna sati biyu tare da karen, kusa da likita. Na jira gardama. Ya ce, "To."

Litinin, 26 ga Mayu, da marece

Motar Maradi ta sauke Kawu da hantsi, Idi yana jiransa da amalanke a ƙofar gida. Ya shigo da ƙafarsa, ba sanda, ba mai riƙe masa hannu, da baƙin tabarau irin na 'yan moto. Ya gaisa da Malam a zaure, ya zagaya ta baya zuwa kango. Sa'adatu tana can tana juya kunu.

An hana shi cire tabarau a rana. Ya cire.

Duna ya ji muryarsa ya yunƙura, ya faɗi, ya sake yunƙurawa. Ya zo ya tura kai tsakanin gwiwoyinsa. Kawu ya zauna a ƙasa ya riƙe fuskar karen da hannu biyu yana juya ta dama da hagu, kamar mai sayen ƙwarya.

"Ashe furfura kay yi, ɗan banza? Har gira?" Yana dariya, ruwa na zubo masa, ban sani ba ko na aikin ido ne. Ya shafa haƙarƙarin. "Ashe haka yake da rama. Ni ina shafawa ina cewa da sauran nama. Hannu ma yana ƙarya."

Ya ba ni hanya, buɗaɗɗiya. Sa'adatu ta zuba wa kwanon kunu ido, ba za ta ce uffan ba, na sani. Malam ma haka.

Na ce, "Kawu, ba haka ka kawo shi ba."

Na faɗa masa a tsaye, daga farko har ƙarshe, har da ƙararrawar waya. Bai ɗago ba, yana ta sosa wa karen bayan kunne.

"Kanwa," ya ce. "Tun da kike kin taɓa ganin kare na lasar kanwa? Doki ne shi?"

Na ce a'a.

"Ruwan fa, kwana nawa kinka ce?"

"Uku, saura kaɗan."

"Cikin wanga zafi."

Ya juya wajen Sa'adatu ya tambaye ta ko karen zai jure hanya. Ta ce in an yi masa inuwa ana tsayawa ana ba shi ruwa zai jure, amma gara ya ƙara sati biyu kusa da ita. Na ce ɗaki yana nan na gyara, Malam ya yarda, shi da Duna duka, ko wata nawa ne.

"A'a," in ji Kawu.

Na ce to ya bar shi kwana uku kawai ya ƙara ƙarfi.

"A'a. Kin kyauta da kinka faɗa. Amma a'a."

Tun ina yarinya ba abin da na taɓa roƙon mutumin nan ya hana ni. Zuma, 'yar akuya, hawan jakinsa zuwa lakwal ranar da aka sa ni makaranta. Ban san yana da wannan kalma a bakinsa ba.

Suka yi magana da Sa'adatu, ta nuna masa awo sau biyu ya maimaita a gabanta, ta ce za ta leƙo Gabi ranar Asabar. Idi ya kafa sanduna ya ɗaura zane a kan amalanke, ya sa jarkar ruwa. Ya zo zai ɗauki karen Kawu ya hana. Ni ma na matso, ya kauce da kafaɗa. Shi ya ɗauke shi a ƙirji, tsoho ɗan saba'in da wani abu, ya hau da shi ya kwantar da kansa a cinya.

Na tsaya a ƙofar gida har amalanken ya sha kwana wajen tabki. Bai waigo ba, kuma yanzu yana gani.